Wasiƙa zuwa ga Malam Sani a Kumasi

Assalamu alaikum Malam Sani,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da mutanen zango baki ɗaya. Saƙonka ya iso, kuma tambayarka kan makarantar da na sa 'yata Hafsatu ta sosa mini inda yake yi mini ƙaiƙayi.

Ka san a nan Ilori da yawa daga tsofaffin makarantu 'yan mishan ne suka gina. Gwamnati ta karɓe su tun shekarun 1970, ita ke biyan malamai, amma sunan coci na nan a bakin ƙofa. A watan Fabrairun 2021 rigimar hijabi ta sa Gwamnan jiharmu ta Kwara, AbdulRahman AbdulRazaq, ya rufe goma daga cikinsu. Da aka zo buɗewa a Maris sai jifa ta kaure, mutane suka jikkata. Shekara na zagayowa aka rasa rai a irin wannan rigima a garin Ijagbo, nan jihar Kwara. Rai sukutum, Malam, a ƙofar makarantar yara.

A Yunin 2022 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Legas, ta ce ɗaliba na da 'yancin sa hijabinta a makarantar gwamnati. Na yi murna ƙwarai. Sai dai maigadi ba ya karanta hukuncin kotu, abin da shugaban makaranta ya faɗa masa shi ya sani. Ranar da na fara kai Hafsatu, na ga ta ja ta tsaya nesa da ƙofa, ta damƙe gefen hijabinta da hannu biyu, tana duban fuskar maigadi kafin ta ɗaga ƙafa. Babu wanda ya ce mata uffan. Amma yarinya 'yar shekara 11 ta riga ta san akwai abin tsoro a wurin. Ranar ban iya cin abincin rana ba.

Maƙwabcina a kasuwa, wani dattijo Bayarabe Kirista, ya ce mini mahaifinsa da kansa ya yi dakon bulo lokacin da cocinsu ke gina makaranta. Ban raina maganarsa ba, ko ni ne zan ji ciwo. Shi ya sa nake so majalisar jiha ta zauna da limamai da fastoci, ta rubuta doka ƙarara: makarantar da ke cin kuɗin gwamnati ta kowa ce, kada a cire wa yarinya hijabi, kada kuma a tilasta wa kowane yaro addu'ar da ba tasa ba. Cocin da ke son makarantarsa ta koma hannunsa, a fayyace hanyar da zai bi.

Na tuna ku ma a Ghana a 2021 an yi ce-ce-ku-ce da makarantar Wesley Girls ta hana ɗaliba azumi. Yaya aka ƙare? Ka rubuto mini dalla-dalla.

A gaida Hajiya da yara.

Naka,
Bala