Lituweniya: Masu Doke Amurka a Ƙwallon Kwando, Me Ya Hana Su Zuwa Olamfik?

Malam Edita, assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarmu mai farin jini mu yi magana kan ƙwallon kwando, domin shafin wasanni ya zama na ƙwallon ƙafa kaɗai, in ma an taɓo kwando to labarin NBA ta Amurka ne. Akwai wata ƙaramar ƙasa a gaɓar tekun Baltik, Lituweniya, wadda mutanenta ba su kai miliyan 3 ba, wato ba su kai jama'ar birnin Kano da kewaye yawa ba, amma ƙungiyarta ta maza ta doke Amurka a 2004, ta sake doke ta a 2023. Duk da haka ba a gan ta a Olamfik na Tokyo ba, ba a gan ta a na Faris ba. Ra'ayinmu shi ne, abin da ya ɗaga su shi ne kuma yake ɗaure musu ƙafa a yanzu.

Wasan ya kafu a ƙasar tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu, ta hannun 'ya'yan 'yan ƙasar da aka haifa a Amurka. Sun ci kofin Turai a 1937 a Riga, suka sake ci a 1939 a gida, a Kaunas, ƙarƙashin jagorancin Pranas Lubinas, wanda ya riga ya ci zinare da Amurka a Olamfik na 1936. Da Tarayyar Sobiyet ta haɗiye ƙasar, 'yan wasanta suka koma sa rigar wasu. Zinaren da Sobiyet ta ci a Seoul a 1988, 'yan Lituweniya huɗu ne ƙashin bayansa: Arvydas Sabonis, Šarūnas Marčiulionis, Rimas Kurtinaitis da Valdemaras Chomičius. Bayan sun ayyana 'yanci a 1990, suka je Barcelona a 1992 da tutarsu, suka karɓi tagulla bayan sun doke ragowar ƙungiyar Sobiyet ɗin da ci 82 da 78. Tagulla ta sake zuwa a 1996 da 2000, kofin Turai na uku ya zo a 2003, sai tagullar gasar duniya a Turkiyya a 2010, da azurfar Turai a 2013 da 2015.

'Yan Najeriya ma sun san su. D'Tigers, ƙungiyar kwando ta maza ta Najeriya, sun doke su 86 da 80 a Caracas a wasannin neman gurbin Olamfik na 2012, su kuma suka rama a Landan, suka ƙara ramawa a Rio a 2016 da ci 89 da 80.

Masu sharhi sukan ce ai dogaye ne, shi ke nan. Tsawo yana da amfani, Arvydas Sabonis ya kai santimita 221, amma maƙwabtansu ma dogaye ne. Bambancin yana wurin koyarwa. Marčiulionis ya buɗe makarantar kwando ta yara a Vilnius a 1992, Sabonis ya buɗe tasa a Kaunas a 1994, aka kafa gasar ƙwararru ta ƙasa a 1993, ga kuma gasar 'yan makaranta da ake bugawa rukuni-rukuni bisa shekarun haihuwa. Yaro yakan shiga tun yana firamare, ya yi shekaru a hannun masu horarwa da suka karanci aikin.

Ga abin da mai horarwa na kirki yake kiyayewa a wannan mataki. Kwandon manya yana da tsayin mita 3.05 daga ƙasa, ƙwallon maza kuma lamba 7 ce, mai nauyin kusan giram 600. In ka ba ɗan shekara tara wannan ƙwallo ka tsayar da shi gaban wannan kwando, ƙarfinsa ba zai kai ba, sai ya riƙa tura ta daga ƙirji da hannu biyu, gwiwar hannunsa ta buɗe waje, kuma wannan mummunan jifa zai bi shi har girma. Shi ya sa ake saukar da kwando zuwa mita 2.60, a ba shi ƙwallo lamba 5. Ana fara masa da ƙafa kafin hannu: yadda zai tsaya cak bayan gudu, yadda zai kafe ƙafa ɗaya ya juya a kanta ba tare da ya ɗaga ta ba. Sai buga ƙwallo a ƙasa da hannun da ba shi da ƙarfi, ido a sama. Sai miƙa ƙwallo. Kuskuren da ya fi yawa a filayenmu shi ne a ga yaro ya fi tsaransa tsawo a ce masa ya tsaya ƙarƙashin kwando ya jira. Yana shekara 18 tsaransa sun kamo shi a tsawo, shi kuwa bai iya komai ba. Dogayen Lituweniya sun shahara da iya raba ƙwallo, daga Arvydas Sabonis har ɗansa Domantas, saboda ba a yi musu wannan kuskure ba.

Dokokin FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, su ma suna taimaka wa irin wannan wasa, kuma mai kallon NBA kaɗai ba zai lura ba. Fili mita 28 ne a tsawo, 15 a faɗi. Layin maki uku, wanda jifa daga bayansa ke kawo maki uku, yana mita 6.75 daga kwando, na NBA kuwa ya kai 7.24. Zango huɗu ne na minti 10, maimakon 12, laifi biyar kuma ke fitar da ɗan wasa, maimakon shida. Mafi muhimmanci, dogon da ke tsaron gida yana iya zama ƙarƙashin kwando muddin ya ga dama, babu dokar daƙiƙa uku da ke korar sa kamar a NBA, kuma da zarar ƙwallo ta taɓa bakin kwando yana da damar kaɗe ta. Saboda haka fili yakan ƙuntata, mai gudu da tsalle ya rasa hanya, ƙungiyar da ta saba da juna ta samu galaba. Abin da ya faru a Manila a 2023 ke nan: Lituweniya ta jefa maki uku sau tara a jere daga farkon wasa ba ta ɓarar ko ɗaya ba, zangon farko ya ƙare 31 da 12, ta kwashe ƙwallayen da ke dawowa daga allon kwando in jifa bai shiga ba, aka tashi 110 da 104. Bayan kwana biyu Sabiya ta lallasa ta 87 da 68 a zagayen kusa da na kusa da ƙarshe.

To ina matsalar? A duba waɗanda suka fitar da su a 'yan shekarun nan. A Yulin 2021, a gidansu, a babban zauren Žalgiris na Kaunas, Sulobeniya ta ƙwace gurbin Tokyo da ci 96 da 85, Luka Dončić ya ci maki 31, ya ba da ƙwallo 13 da aka jefa. A gasar Turai ta 2022 Sifaniya ta fitar da su bayan ƙarin lokaci, Lorenzo Brown ya ci 28. A 2024 a San Juan, Puerto Rico ta hana su zuwa Faris da ci 79 da 68, wanda ya ɗauki wasan a kansa kuwa José Alvarado ne, mutumin da bai wuce santimita 183 ba. Duka ukun masu riƙe ƙwallo ne, wato masu tsara harin ƙungiyarsu, kuma duk dabara ɗaya suka yi ta maimaitawa.

Dabarar ita ce ta shinge. Mai riƙe da ƙwallo yana saman layin maki uku, sai dogon ƙungiyarsa ya zo ya tsaya kamar bango a gefen mai tsaronsa. Ya bi ta jikin dogon, mai tsaron ya maƙale. Yanzu dogon da ke tsaron gida yana da zaɓi uku, kowanne da farashinsa. In ya ja baya ya tsare kwando, kamar yadda mai nauyin jiki irin Jonas Valančiūnas ya saba yi, ya bar wa mai ƙwallo sarari na mita biyu ko uku, gwani kuwa jifa zai yi. In ya fito ya tare shi a sama, dogon da ya yi shingen zai zame zuwa kwando, dole wani ya bar mutuminsa a kusurwa ya zo taimako, sai a miƙa wa na kusurwar ya jefa maki uku ba mai damun sa. In suka yi musayar mutum, to ga mai santimita 211 a gaban ɗan gajere mai sauri, nesa da kwando, abin da kowane mai riƙe ƙwallo ke fata. Ƙungiyar da aka gina kan manyan dogaye tana shan wuya a nan fiye da kowa.

A ɓangaren kai hari ma akwai cikas. Lokacin da aka haɗa Valančiūnas da Domantas Sabonis a fili ɗaya, mutane sun zaci an gama. Amma dukansu kusa da kwando suka fi ƙarfi, sai masu tsaronsu biyu suka cunkushe wurin, hanyar kutsawa ta toshe. Sannan ga agogo: daƙiƙa 24 ake ba ƙungiya ta yi jifa. Tsararren wasa na miƙe-miƙe yakan ci 16 ko 18. In abokan hamayya suka karanta shi suka rushe, saura daƙiƙa takwas ko shida, kuma a nan ana bukatar mutum ɗaya da zai iya keta mai tsaronsa shi kaɗai ya samar da jifa. A 2003 suna da Šarūnas Jasikevičius, shi ne gwarzon gasar. Tun da ya yi ritaya ba su samu wanda ya cike gurbin sosai ba. Rokas Jokubaitis ya fara nuna alama a gasar Turai ta 2025, sai ya ji rauni a gwiwa tun a wasannin rukuni, Girka ta Giannis Antetokounmpo ta fitar da su da ci 87 da 76. Tarbiyyar da ke hana yaro son kai da ƙwallo tana da kyau, amma in ta yi yawa sai a rasa mai ƙarfin halin ɗaukar jifan ƙarshe.

Wasu ƙasashe gajeriyar hanya suka bi. FIBA ta yarda kowace ƙungiya ta sa mutum ɗaya cikin 12 wanda ya samu takardar zama ɗan ƙasa bayan ya cika shekara 16. Ta haka Sifaniya ta samu Brown, Sulobeniya ta samu Anthony Randolph lokacin da ta ci kofin 2017. Lituweniya ba ta bi wannan hanya ba, kuma a ganinmu ta yi daidai, ko da yake tana biyan kuɗin hakan a fili. Baƙo ɗaya zai iya ciyo wasa, amma zai zauna ne a kan gurbin da ya kamata matashin gida ya koyi aiki.

A yi musu adalci kuma, ƙofar Olamfik ƙarama ce. Ƙasashe 12 kawai ke zuwa. A tsarin da aka bi na Tokyo da Faris, Turai gurbi biyu take samu kai tsaye daga gasar duniya, Afirka ɗaya, sauran sai an bi ta gasar share fage inda ƙasa ɗaya tak ke fita daga kowane rukuni. Lituweniya ta zo ta shida a duniya a 2023 ba ta samu gurbi ba, Sudan ta Kudu ta zo ta 17 ta samu, domin ita ce ta fi kowa a Afirka. Ga kuma wasannin neman gurbi na Nuwamba da Fabrairu, waɗanda 'yan NBA ba sa zuwa saboda kakarsu na gudana, sai mai horarwa ya riƙa haɗa ƙungiya biyu a shekara ɗaya.

Malam Edita, gasar duniya ta gaba a Katar za a yi ta a 2027, ƙasashe 32, Turai na da gurbi 12, Afirka biyar. Muna roƙon a ware wa ƙwallon kwando ko da rabin shafi ne a mako, a riƙa kawo sakamakon wasannin neman gurbi na nahiyoyin biyu, tare da alƙaluman ƙwallayen da aka ɓarar da waɗanda aka cafke daga allo, ba makin ƙarshe kaɗai ba.

Wassalam.

Daga wasu masu koyar da ƙwallon kwando, Zariya