Godiya ga garajin da ya mayar da motata ɗaki

Assalamu alaikum.

Zuwa ga Alhaji, maigidan garajin walda da aikin katako da ke Sabon Gari a nan Damagaram, da yaransa baki ɗaya.

Alhaji, na san ba ka son a kama sunanka a bainar jama'a, don haka na sakaya shi. Amma godiyar da na yi maka a bakin garaji ba ta ishe ni ba.

Ranar da na kawo maka tsohuwar Hiace ɗin nan, wadda ta ƙare ƙuruciyarta tana jigilar buhunan gero zuwa Kasuwar Dole, na riga na je wurare biyu. Da na ce ina son gado a ciki da wurin ɗaure kekuna don ni da ƴaƴana maza biyu mu riƙa fita daji muna kwana, murmushi kawai suka yi. Kai kuwa sai ka ce, "Malam, je ka kawo kekunan mu auna." Tun daga nan hankalina ya kwanta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne inda ka ƙi bin son raina. Ni na so a liƙa katako kai tsaye a jikin ƙarfe don a rage kuɗi. Ka tuna mini cewa a watan Afrilu da Mayu zafin garin nan yana wuce digiri 40, kuma motar kaya ba ta da tagogin baya, tanda ce kawai. Ka sa soso tsakanin ƙarfe da katako, ka yanka taga biyu ka sa musu ragar sauro. Haka ka hana ni jona fitila da fanka a batirin da ke tada mota. Ka kawo batir na biyu mai cin wutar sola daga rufi, ka ce ba ka so gari ya waye mini a daji mota ta ƙi tashi. Jarkokin ruwa huɗu masu lita 20 ma ba ka yarda a ɗora su sama ba. Ƙasa ka yi musu gurbi, tsakanin tayoyi, saboda kada nauyi ya rinjayi motar a kwana. A lokacin na ga kamar tsanani ne. Yanzu na gane.

Gadon yana sama, kekuna uku suna ƙarƙashinsa, kowanne an cire tayar gaba an ɗaure shi a ƙarfen da aka kafa a daɓen motar. Har da ɗan akwati na faci da famfo, domin duk mai hawan keke a ƙasar nan ya san aikin ƙaya.

Da sanyin bana muka yi fitar farko. Muka bi hanyar Gure, muka wuce Mirya, muka sauka kusa da tafkin Gidimuni bayan mun gaida mai gari mun nemi izini. Da asuba yara suka hau kekuna suna zagaya garake da itatuwan dabino, ni ina dafa shayi a bakin mota. A hanyar dawowa, gargada ta tsinke walda ɗaya a maɗaurin keke. Na zo ina shirin biya, ka kira yaron da ya yi aikin, ka nuna masa inda wutar ba ta kama ba, ba tsawa ba zagi, aka sake, ka ƙi karɓar ko dala. Ni malamin makaranta ne, shekara da shekaru ina koyarwa, amma ranar na ƙaru.

Allah ya saka maka da alheri, ya yi wa garajin albarka, ya sa yaran nan su gaje ka. Ƙaramin cikinsu, wanda ya yi ta tambayata ko da gaske mutum yana kwana a ciki, ina roƙon ka ba ni aronsa Asabar mai zuwa. Za mu je Mirya, kuma akwai keke ɗaya da ba mai hawa.

Wassalam.

Naka,
Malamin makaranta daga Birni, Damagaram