Me ya kai ɗan goye sinima da tsakar dare?

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a shafin wasiƙu in yi magana da iyaye 'yan'uwana da masu gidajen sinima na zamani.

Ni dai ba na cikin masu ganin zuwa sinima laifi ne. Na fi son yaro ya kalli fim ina zaune kusa da shi, in ga abin da ya gani, da ya shige bargo da wayar uwarsa yana kallon abin da Allah kaɗai ya sani. Shi ya sa da ɗan ƙanwata, ɗan shekara 13, ya ishe ni da "Kawu, ai ka yi alkawari" a hutun Sallar da ta wuce, na ɗauke shi muka tafi kallon ɗaya daga cikin manyan fina-finan Amurkan nan na jarumai masu tashi sama. Tikitin yamma ya ƙare tun da rana, sai na tara da rabi na dare. Na kira uwarsa, ta ce tunda babu makaranta gobe, a je.

Irin waɗannan fina-finai sukan doshi awa uku, ga tallace-tallacen da ake jerowa kafin a fara. Duk wanda ya sayi tikitin tara da rabi ya san sai bayan sha biyu zai fito. Amma a layin gabanmu wani bawan Allah ne da matarsa da yara uku, ƙaramin a goye, sai wata yarinya da ba za ta wuce shekara huɗu ba, cikin kayan Sallarta, hannu ya sha lalle. Da aka fara faɗa a fim ɗin, ƙarar ta kai har kujera kana jin tana rawa a ƙarƙashinka. Yarinyar nan ta sa hannuwanta biyu ta toshe kunnuwa, ta cusa fuska a hannun rigar ubanta, tana cewa, "Abba, mu tafi gida." Shi kuwa idonsa na kan majigi, ya miƙa mata gugguru ya ce, "Yi shiru, yanzu za a gama." A lokacin ko rabi ba a yi ba. Na goyen ya farka ya tsala kuka, uwar ta miƙe tana jijjiga shi a tsakanin kujeru, tana haska hanya da fitilar waya, har wani daga baya ya gaji ya ce, "Haba Hajiya, a fita da shi mana." Ba ta fita ba. Ina jin kuɗin tikiti biyar take tunawa.

Ban ce mugayen iyaye ba ne. Yawancin masu zuwa wuraren nan matasan ma'aurata ne da ke zaune su kaɗai a gidan haya, babu kaka, babu gwaggo da za a bar wa yara. Su ma suna son su fita su sha iska ranar Sallah. To amma yarinyar ba ta kalli komai ba, tsoro kawai ta kwasa, su ma iyayen ba su ji daɗin kallon ba, mu da muka biya namu kuɗin haka.

Mu da muka taso a Kano mun san dalilin da ya haɗa sinima da dare. Gidajen sinima na da, irin su Plaza a Fagge, da Orion a Ƙofar Wambai, da Eldorado a Sabon Gari, galibinsu babu rufi, dole a jira duhu kafin hoto ya fito a bango. Daren nan kuma shi ya ja wa sinima baƙin jini, domin babu uban da zai yarda ɗansa ya kwana a waje da sunan kallon Indiya. Na yanzu kuwa a rufe suke ruf, da na'urar sanyaya ɗaki, ko da azahar ka shiga duhu ne. Saboda haka babu abin da ya hana a yawaita nuna babban fim da hantsi ko bayan la'asar a lokutan hutu, maimakon a ba shi zagaye ɗaya da yamma, sauran a tura dare. Wanda ya zo da iyali ya tarar na yamma ya cika, yara sun ci ado sun sa rai, da wuya ya juya.

Sai maganar shekaru. Hukumar tace fina-finai ta ƙasa, wadda aka kafa a 1993, tana sa wa kowane fim alama: G na kowa da kowa ne, PG sai da kulawar iyaye, akwai 12 da 12A, akwai 15, akwai 18. Iyaye nawa ne suka san ma'anar waɗannan? A inda muka je, alamar tana can ƙasan fosta, ƙarama, kuma mai sayar da tikiti bai tambayi kowa shekarun ɗansa ba. Mai duba tikiti a ƙofa ma ya ga goyo da idonsa ya yage takarda ya ce a shiga. Me zai hana a rubuta bayanin alamomin nan da Hausa, da manyan baƙaƙe, a daidai inda ake biyan kuɗi? Kuma a yi ƙa'ida a bayyane: daga tara na dare, ba a shiga da yaron da bai kai shekara 12 ba, ko wane irin fim ne. Likitoci na cewa ɗan firamare yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12. Wanda ya kwanta ƙarfe ɗaya, aka tashe shi sallar asuba, a lissafa.

Akwai kuma komawa gida. Mai mota da sauƙi. Wanda ba shi da ita fa? Da tsakar dare adaidaita sahu ya yi wuya, wanda ka samu kuma sai abin da ya yanka maka. Ba lokacin tsayuwa a bakin titi da ƙananan yara ba ne, musamman yadda ƙwacen waya ya addabi gari.

Jihar Kano tana da tata hukumar tace fina-finai tun 2001. Roƙona gare ta da ta ƙasa shi ne su zauna da masu gidajen sinima kafin wata Sallar a tsayar da wannan ƙa'ida, kuma in za a turo masu duba yadda ake bin ta, a turo su da ƙarfe goma na daren Asabar, domin da rana babu abin da za su gani.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarmu albarka.

Wani magidanci,
Unguwa Uku, Kano.