Barka da Sallah daga ƙasar ƙanƙara

Assalamu alaikum Baba da Inna da duk mutanen gida.

Barkanmu da shan ruwa, barka da Sallah. Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana. Kun riga mu da awa 5, don haka lokacin da kuke dawowa daga filin Idi ni ina tsakar dare a nan kusa da garin Barrie, arewa da Toronto, ina jin iska tana kaɗa taga. Na kasa barci. Sai lissafi nake a raina: yanzu Baba ya naɗa rawani, yanzu yara suna rigimar takalmi, yanzu Inna ta sauke tukunyar taushe.

Inna, miyar taushen nan ita ta hana ni sakat yau. Kabewa akwai ta a nan, akwai alayyahu da gyaɗa, har ƙashi mai ɓargo na samo wurin mai naman halal. Jiya da daddare na haɗa, na tuƙa tuwon shinkafa. Amma ba yakuwa, daddawar da kika ƙulla mini kuma ta ƙare tun tsakiyar azumi. Na matsa lemon tsami don ɗan tsamin nan, bai yi ba. Da na kai loma baki sai na tuna yadda kike zuba wa almajirai tasu kafin kowa ya ci, da yadda muke kai kwano gidan Liman mu dawo da nasu. A nan ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa. Na ci rabi na rufe.

Yaya, na ga tambayarka a kan hoton da na turo, ko dole ne sai an ɗaura wa tarakta sarƙa kafin ta kwashe dusar ƙanƙara. Tun da kai ne direban tarakta a gidanmu, bari in ba ka labarin safiyar yau.

Taraktar dattijon da nake wa aiki ƙarama ce, Kubota, ba ta kai rabin Massey ɗin da kake huɗa da ita ba. A baya ake rataya injin kwashe dusar, inda kake rataya garma. Sandar nan mai juyawa sau 540 a minti ita ke ba shi ƙarfi, ya haɗiyi dusar ya feso ta gefe. Da ribas ake aikin, wuya a juye, har ka gama. Duk watan Janairu da Fabrairu ban sa sarƙa ba ko sau ɗaya, kuma ban maƙale ba. Lokacin dusar busasshiya ce kamar garin masara, tayoyi huɗu duka suna ja, na baya kuma an ɗura musu ruwa mai nauyi wanda ba ya daskarewa. A fili mai tsakuwa wannan ya isa. Dattijon ma ba ya son sarƙa, don tana karce simintin bakin gareji.

Maris daban ne. Rana ta narkar da dusar, dare ya daskarar da ruwan ya zama kamar madubi, sabuwar dusa ta rufe shi. Hanyarmu daga gida zuwa titi gangare ce. Da asuba na sauke injin, kuma ka san da ya zauna a ƙasa nauyinsa ya bar tayoyin baya. Ban yi nisa ba sai na ji taraktar tana tafiya a kaikaice. Na taka birki, ba ta saurare ni ba, sitiyari ya zama ba amfani. Haka ta zame a hankali har tayar baya ta tsaya a bakin kwalbati. Inna kada hankalinki ya tashi, ko ƙwarzane ban yi ba, sai dai na daɗe ina salati.

Dattijon ya fito da fitila, ya watsa yashi muka fito da ita, ya jawo sarƙoƙi daga rumfa. Na baya kawai muka sa. Ya ce sarƙa a tayoyin gaba tana wahalar da ƙarfen gaban ƙaramar tarakta. Ana yafa ta a kan taya, a ɗan matsa, a maƙala ta ciki sannan ta waje, a ɗaure da roba, a yi 'yar tafiya a sake ɗamewa don kada ta bugi jikin motar. Yatsuna sun sandare. Amma da na hau, ƙarfen ya ciji ƙanƙarar, na ji ta tsaya da ƙafarta. To Yaya, dusa ba ta buƙatar sarƙa, santsin da ke ƙarƙashinta da gangare su ne ke buƙata. Da ba don ita ba, da na rasa Idi.

Na samu sallah a wani babban zaure, ni da babbar riga a ƙarƙashin rigar sanyi, tare da 'yan Pakistan da Somaliya da Larabawa. Wani ɗan Nijar daga Maraɗi ya ji ina waya da Hausa ya rungume ni, mun fi rabin awa a tsaye.

A gaida Kaka, a ce mata kullum ina jin addu'arta, kuma bargon da na yi mata alkawari yana nan na saya, mai laushi, ruwan toka. A riƙa kai ta asibiti kan ƙafar nan ko ta ƙi. Ina gaida Gwaggo da Baffa da Kawu na Funtuwa da iyalansu. Matar Yaya, sannu da aikin Sallah, na san tun jiya ba ki zauna ba. Auta, na ga lallenki, ya yi kyau ƙwarai. Goron Sallarki yana hannun Yaya, ki karɓa ki raba wa yara, kuma ki dage da karatu. Liman da maƙwabta da abokaina na majalisa, duk ina gaisuwa.

Inna, in an samu mai tahowa, daddawa da busasshiyar yakuwa.

Ɗanku mai kewarku.