Kafin a tafa wa ɗan takara kan haraji, a ɗauko alƙalami a yi lissafi

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Muna neman ɗan fili a jaridarka kan alkawuran haraji da masu neman kujerar shugaban ƙasa za su riƙa yi yayin da zaɓen 2027 ke ƙaratowa. Wannan zai ce zai sauƙaƙa wa talaka, wancan ya ce zai matsa wa masu hannu da shuni. Duk maganar baki ce, har sai an ɗora ta a kan albashin mutum guda an ga nawa za a yanke masa a ƙarshen wata.

Abin da za a auna su da shi yana nan a rubuce. Dokar harajin da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025, wadda ta fara aiki a Janairun 2026, ta yafe haraji a kan naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara. Daga nan zuwa miliyan 3 ana cire kashi 15 cikin ɗari, zuwa miliyan 12 kashi 18, zuwa miliyan 25 kashi 21, zuwa miliyan 50 kashi 23, abin da ya haura haka kuma kashi 25. Ɗan takarar da ya ce yana da nasa tsarin sai ya faɗi matakin da zai taɓa, da nawa zai mayar da shi.

Jama'a kan ruɗe a wuri guda. Kowane kaso yana hawa ne kan ɓangaren kuɗin da ya faɗa cikin matakinsa kaɗai. Mai samun miliyan 60 a shekara, ko ba a yi masa rangwamen komai ba, naira miliyan 12 da dubu 930 zai biya, wato ƙasa da kashi 22 na abin da ya samu. Kashi 25 ɗin nan miliyan 10 na ƙarshe kawai ya shafa. Saboda haka in ɗan takara ya ce zai ɗaga kason sama zuwa 30, abin da ya ƙara wa wannan attajiri naira 500,000 ce a shekara, komai ƙarfin tafin da za a yi masa a filin taro.

Mu ɗauki ma'aikacin da ke karɓar naira 250,000 a wata, miliyan 3 ke nan a shekara. A ce an cire masa kashi 8 na fansho a kan dukan albashin, saura 2,760,000. A tsohuwar doka, wadda ke yafe naira 200,000 da kashi 20 na kuɗin shiga kafin a fara lissafi, harajinsa 309,680 ne. A sabuwa 294,000. Sauƙin da ya samu bai wuce naira 1,300 da 'yan kai a wata ba. An soke wancan rangwame na kowa da kowa, aka kawo na haya a madadinsa: kashi 20 na kuɗin hayar shekara, kada ya wuce naira 500,000. Mai biyan hayar 400,000 a Samaru za a rage masa 80,000 daga kuɗin da ake yi wa haraji, nasa ya sauko 282,000. Abokin aikinsa da ke zaune a gidan gado a cikin Birnin Zariya, mai ciyar da iyaye da ƙanne, ba shi da wannan rangwame. Mai hayar ma sai ya gabatar da shaidar biya, alhali haya da yawa a nan da baki ake ƙulla ta, ba rasit. Irin wannan ne ya kamata a tambayi 'yan takara.

Sai kuma ita 800,000 ɗin. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 ya kama 840,000 a shekara, ka ga iyakar yafiyar ma ba ta kai shi ba sai an cire fansho. Lamba ce a tsaye, farashin masara kuwa ba ya tsayawa. Duk ƙarin albashin da aka yi don rage raɗaɗin tsadar kaya zai tura mutum mataki na gaba, alhali cefanensa bai ƙaru ba. Matakan tsohuwar doka tun 2011 aka tsara su, suka zauna haka fiye da shekara 10 naira na zubewa. Wanda ya yi alkawarin sa wa a riƙa ɗaga iyakar gwargwadon hauhawar farashi ya fi mai ihun rage kaso amfani ga ma'aikaci.

Babban rashin adalcin ma ba a jadawalin yake ba. Ma'aikaci tun kafin albashi ya shiga asusunsa an yanke nasa. Mai manyan shaguna da rumbunan hatsi kuwa abin da ya bayyana da kansa ake bi, ko a yi masa ƙiyasi, kuma ƙiyasi na karɓar ciniki. A can ƙasa ga mai Keke Napep, wanda doka ta ce watakila ba a bin sa ko kwabo. A ce tikitin da yake yanka naira 200 ne a rana, kwana 6 a mako: ya haura 62,000 a shekara, ya samu fasinja ko bai samu ba. Wannan ai harajin kai ne ya sake riga, irin wanda Balarabe Musa a Kaduna da Abubakar Rimi a Kano suka soke tare da jangali a Jamhuriya ta Biyu. Tsarin da bai ce komai kan waɗannan ƙananan karɓe-karɓe ba bai taɓa talakan Tudun Wada ba.

A lura kuma da harajin kayan masarufi, wato VAT, wanda yake kashi 7.5 tun 2020. Mai rage harajin albashi ya cike giɓin da VAT ya sauke wa mai albashi kaya ne ya ɗora wa kowa. Ƙudurin gyaran haraji da gwamnati ta kai majalisa a 2024 ya nemi a ɗaga shi zuwa kashi 10, majalisa ta ƙi.

Shugaban ƙasa ba shi kaɗai ke yanke wannan hukunci ba. Majalisar tarayya ke yin dokar, harajin albashi kuma jihar da ma'aikaci ke zaune ce ke karɓa. Malamin Jami'ar Ahmadu Bello tarayya ke biyansa, amma harajinsa Jihar Kaduna yake shiga. Mai alkawarin rage shi da aljihun gwamnoni yake kyauta, kuma an ga yadda gwamnonin Arewa suka taru a Kaduna a Oktoban 2024 suka ƙi amincewa da sabon tsarin rabon VAT da wancan ƙuduri ya zo da shi.

Roƙonmu ga jaridarka shi ne ta aika wa kowane ɗan takara mutum uku, mai 70,000 a wata, mai 250,000, da mai miliyan 5, ta ce ya rubuto harajin kowannensu a ƙarƙashin tsarinsa, sannan ta buga amsoshin a shafi guda.

Naku,
Wasu masu aikin akanta,
Sabon Gari, Zariya