Takardar Koke Kan Haɗe Asibitocin Kuɗi Biyu na Garinmu

Zuwa ga Mai Girma Hakimi, ta hannun Dagaci.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da ban girma, mu 'yan kwamitin lafiya na mazaɓa, tare da masu unguwanni da ungozomomi, mun kawo kuka kan shirin mayar da asibitocin kuɗi biyu na garin nan hannun mutum ɗaya. A cikin shirin za a rufe ɗakin haihuwa da ɗakin gwajin jini na asibitin cikin gari, a kwashe su zuwa na bakin titi, tsallaken rafi.

Mun san haɗin yana da amfaninsa: janareta ɗaya, likitan kwana tabbatacce, ɗakin tiyata mai cikakken kaya. Damuwarmu ita ce abin da mara lafiya zai rasa.

Zubar jini bayan haihuwa yana iya kashe mace cikin awa biyu. Kafin a ɗaura mata jini sai an samo mai bayarwa, an gwada rukuninsa, an tantance shi daga ƙanjamau da ciwon hanta, an haɗa shi da nata a ga ko sun dace. Duk wannan lokaci yake ci. Idan aka ƙara masa neman mota da tsakar dare, da rafin da yake cika a watan Agusta har babur ya kasa haurawa, to an cinye awa biyun tun ba a fara ba. Haka mai jijjiga, allura take buƙata nan take. Kai ta Asibitin Murtala a Kano kuwa, sai wadda aka riga aka tsayar wa jinin.

Sai maganar zaɓi. Yanzu idan wani ya tsauwala kuɗin kati ko na gado, ko ma'aikatansa suka wulaƙanta mutane, sai a koma ɗayan, kuma tsoron hakan ne yake sa kowa gyarawa. Masu rajista da KSCHMA, hukumar taimakekeniyar lafiya ta Jihar Kano, su ma ana biyan asibitin da mutum ya zaɓa kuɗi a kan kowane kai, ko ya je ko bai je ba. In mai asibitocin ɗaya ne, sauya asibiti bai rage masa ko kwabo ba.

Dokar gasa da kare masu saye ta 2018 ta ba FCCPC, hukumar tarayya mai kula da gasar kasuwanci da haƙƙin masu saye, ikon duba irin wannan haɗi. Ƙaramin haɗi ba dole a sanar da ita ba, amma tana iya kiran masu shi cikin wata shida da aiwatarwa idan ta ga zai kashe gasa. Shi ya sa muke gudun jinkiri.

Muna roƙon Mai Girma ya kira ɓangarorin biyu su kawo a rubuce ayyukan da za a rufe, da ranar rufewa, da farashin yau da na bayan haɗi. A tura kwafin ga FCCPC da PHIMA, hukumar kula da asibitoci masu zaman kansu ta Jihar Kano. In har haɗin zai tabbata, a sa sharaɗin barin ɗakin haihuwar cikin gari a buɗe dare da rana, da ungozoma mai lasisi, da firji mai sola na allurar tsayar da jini. A liƙa farashi a bakin ƙofa, kuma duk mai son komawa asibitin gwamnati a ba shi bayanan fayil ɗinsa ba tare da ja-in-ja ba.

Allah ya ja zamanin Hakimi.

Sa hannu da dangwalen masu koke suna shafi na gaba.