Sojan gona ya koma waya, Edita a taimaka a faɗakar da iyayenmu

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Dan Allah a ɗan ba ni fili a wannan jarida mai farin jini in amayar da abin da ke cina tun watan jiya. Ni gyaran waya nake yi a kasuwar Farm Centre nan Kano, kullum sai na ji labarin wanda aka damfara har abin ya daina bani mamaki, ashe dai ban sani ba gobarar tana tafe gidanmu.

Gwaggona ce, ƙanwar babanmu, tana da ɗa ɗaya namiji da ke karatu a wata jami'a a wata jiha. Ranar wata Talata bayan magariba aka kira ta da baƙuwar lamba, wani mai kaurin murya yace shi ne ɗan sanda mai bincike, ya faɗi sunan yaron cikakke har da sashen da yake karatu, yace an kama shi da ƙwaya a ɗakin abokinsa kuma gobe da sassafe za'a wuce dasu Abuja, amma shi da yake ya ga yaron ɗan mutunci ne zai iya cire sunansa daga fayil in an turo dubu 150 kafin oga ya dawo. Can a bayansa tana jin wani yana kuka yana cewa Umma ki taimake ni. Ta kashe ta kira lambar ɗanta, a kashe. Ta sake kira, a kashe. To kaga uwa a wannan hali me ya rage mata?

Kuma ya ja mata kunne, yace Hajiya kar ki faɗa wa kowa, in maganar ta fita ba hannuna kuma sunan gidanku ne zai ɓaci. Nan ya gama da ita. Ba ta kira ni ba, ba ta kira babanmu ba, ta ɗauki kuɗin adashen da aka tara a hannunta dubu 90 ta yafa mayafi ta nufi wajen mai POS na bakin layi. Yaron mai POS ɗin ma Allah ya saka masa, da ya sa lambar akawun ɗin suna ya fito sai yace Hajiya wannan fa sunan mace ne, kuma ba irin bankin da hukuma ke amfani da shi bane, kin tabbata? Tace kai dai tura. Ya tura. Wajen ƙarfe goma na dare sai ga ɗan nata ya kira lafiyarsa ƙalau yana tambaya ko an samu mota da za ta kawo masa garin kwaki da yajin da aka yi masa alkawari. Ashe tun la'asar wani ya kira shi yace daga kamfanin layi ne, ana gyaran sabis, ya kashe wayarsa na awa huɗu in ba haka ba layin zai toshe. Shi kuma sakarai ya kashe.

Abin da nake so masu karatu su gane, mutanen nan ba wani asiri suke da shi ba. Sunan yaro da makarantarsa duk suna nan a Facebook, mu da kanmu muke zubawa. Jarinsu tsoron kaki ne da kuma son rufin asiri irin namu, sun san Bahaushe gara ya yi asarar kuɗi da a ce an ga ɗansa a bayan kanta.

Amma fa Edita, in ɓera da sata daddawa ma da wari. Me ya sa Gwaggo ba ta yi shakka ba ko na minti ɗaya? Saboda abin da mutumin ya nema bai yi mata kama da ƙarya ba, ya yi kama da abin da ta saba ji. A caji ofis ana rubuta beli kyauta ne ɓaro-ɓaro a bango, to amma a tambayi talaka ko ya yarda da wannan rubutu. Muddin wasu ɓata-gari cikin jami'ai na gaske suna karɓar na goro a kashe magana, to ɗan damfara ya samu rigar da zai ara. Shi ya sa nake ganin gargaɗin da hukumomi ke fitarwa a Turance a shafukansu ba zai wadatar ba, Gwaggo ba ta karanta Turanci, rediyo take ji.

Kuma doka tana nan, mu ne ba mu san ta ba. Dokar ƴan sanda ta 2020 ta ce in an kama mutum a sanar da danginsa kuma ba'a biyan ko sisi a kan haka, ta kuma hana a kama wani a madadin wani, wato masu cewa in baki biya ba za mu zo mu ɗauki mijinki ƙarya suke. Tsarin mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya ko biyu gwargwadon nisan kotun. Kenan ɗan sanda na gaske zai iya kiranka, amma cewa zai yi ka zo ofishi kaza, ka je da ƙafarka ka ga ɗanka da idonka. Haka ma masu kiran ƴan kasuwa suna cewa daga EFCC ne, wai an ga kuɗin haram sun shiga asusunka, ka karanto BVN da lambobin da za su shigo wayarka yanzu don a wanke ka. Waɗannan lambobin su ne makullin asusun, ka karanta su kuɗinka sun tafi. EFCC takardar gayyata take aikowa, kuma tana da ofishi a nan Kano, duk wanda ya ce shi nasu ne kace masa mu haɗu a can ka ga yadda zai kashe waya.

Ni dai yanzu abin da na gaya wa ƴan gidanmu, duk wanda ya kira yace kar a faɗa wa kowa to shi ne za'a fara faɗa wa kowa. A kira abokin yaron ko maƙwabcin ɗakinsa, a nemi mai unguwa ko wani babba a tafi ofishin tare. In kuma an riga an tura kuɗin a garzaya banki da rasit ɗin POS a take, kar a kwana, wataƙila a dace a riƙe asusun kafin su kwashe. Mu sai da gari ya waye muka je, an riga an yashe.

Roƙona ga gidajen rediyonmu da limaman Juma'a su ɗauki maganar nan, su kuma masu POS in sun ga tsohuwa jikinta na rawa waya a kunne su ɗan ja mata lokaci. Gwaggo dai ta sayar da tunkiyarta biyu ta cike kuɗin adashen mutane, kuma har yau in baƙuwar lamba ta kira sai ta miƙa wa jikarta tace ke ɗauka.

Naku,
Mai gyaran waya, Farm Centre, Kano